Wasiƙa daga Kolombus: likitarmu ta kuɗin wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Umma? Mu nan Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka, sai godiyar Allah, sanyi ne dai ya shigo da ƙarfinsa.

Ran nan kin tambaye ni yadda aka yi na daina kukan asibiti, layi ya yi ta yankewa ban ba ki amsa ba. Shi ya sa na zauna na rubuto, domin akwai abin da nake so mu yi wa Umma.

Kin san Abban yara tirelar kansa yake ja, ba kamfanin da zai ɗauke masa inshorar lafiya. Mu muke saya, a kasuwar inshorar da dokar Obama ta 2010 ta buɗe. Duk wata sai an ciri kuɗi, amma irin wadda ƙarfinmu ya kai, in ban da riga-kafi da awon shekara, sai mun kashe dubban daloli daga aljihunmu kafin kamfanin ya fara sa hannu. Abin da ya fi ci mini rai, ba mai faɗa miki farashi kafin a duba ki. Bara asmar auta ta tashi cikin dare, muka kwashe ta zuwa sashen gaggawa, aka sa mata maganin shaƙa, kafin asuba mun dawo. Sai takardun biyan kuɗi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: ta asibiti daban, ta likita daban, ta hoton ƙirji daban. Wallahi Yaya, daga ranar in yaro ya yi tari, kuɗin nake fara tunawa kafin yaron. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Wata 'yar Somaliya da muke haɗuwa a masallaci (suna da yawa a garin nan) ita ta nuna mini hanya. A nan DPC ake ce wa tsarin. Likitar iyali ce da ta rabu da kamfanonin inshora gaba ɗaya, kai tsaye muke biyan ta kuɗin wata, kamar zubin adashi. Yawanci babba tsakanin dala 50 ne zuwa 100, na yara bai kai haka ba. Mu huɗu dala 200 muke bayarwa. Ko sau goma muka je a wata, ba ƙarin ko sisi, ba takardar da za ta biyo mu gida. Ina da lambar wayarta. Da ƙirjin auta ya sake kamawa, saƙo na tura bayan isha'i, ta kira, ta saurari numfashinta, ta ce ga yadda zan ba ta abin shaƙar, ga alamun da in na gani kada in jira kowa, in ba haka ba mu zo da safe. Muka je, ta zauna da mu fiye da rabin awa. Awon jini ma a farashin sari take yi mana, kuma tana faɗin kuɗin kafin a soka allura.

Na tambaye ta ina ta samo wannan lokacin. Ta ce likitan da ke jiran biya daga inshora dole ya ajiye ma'aikatan cike takardu da bin bashi, kuma don ya biya su sai ya riƙe marasa lafiya dubu biyu ko fiye, kowa minti goma sha biyar. Ita 'yan ɗaruruwa ta ɗauka ta rufe rajista. Abin ba sabo ba ne, jihar Washinton ta yi masa doka tun 2007. Dokar tarayyar Amurka da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta yarda, daga Janairun 2026, a biya kuɗin watan daga asusun ajiyar lafiya da ba a cire masa haraji.

Sai dai wannan ba inshora ba ce. Tiyata, kwanciya a asibiti, haihuwa, hatsarin mota, Allah ya kiyaye, duk ba sa ciki. Abban yara ya so mu jefar da inshorar tunda ba ma taɓa ta, na ce sam, mutumin da kullum yake kan titi? Biyun muke biya, kuma da nauyi. Nakan kuma tuna waɗanda ba su da dala 200 ɗin, da dubun mutanen da likitarmu ta bari a tsohon wurin aikinta. Su wa ke duba su yanzu?

To ga maganar Umma. Hawan jininta ya shekara nawa, amma duk zuwa likita daban take gani, wannan ya canza magani, wancan ya mayar, in layi ya yi tsawo a ƙare a kemis. Ki nemo mana likita ɗaya mai tsoron Allah kusa da gida, ku yi yarjejeniya a rubuce: nawa ne a wata, sau nawa zai auna ta, za a iya kiran sa da dare, me ke ciki me ba ya ciki. Kamfanoni sun daɗe suna irin wannan da asibitocin kuɗi a Kano, ba zai zama baƙon abu a kunnensa ba. Ni zan riƙa turo kuɗin duk farkon wata. Katin inshorarta na jiha kuma kada a bari ya mutu, shi ne na ranar kwanciya.

Ki ɗauki hoton kwalayen magungunan da take sha yanzu ki turo mini, har da na gargajiyan da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Ki gaishe ta sosai, ki ce ta sa mu a addu'a. Yara suna gaida 'yan'uwansu.

Ƙanwarki