A haɗa ɗaliban kiwon lafiya tun suna makaranta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu tsara karatun ma'aikatan lafiya a ƙasarmu. A Yamai, ɗalibin likitanci yana karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ungozoma da mai jinya suna nasu a makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa (ENSP) ko a makarantu masu zaman kansu, kuma galibi ba sa sanin juna sai ranar da aka kwantar da mara lafiya a gabansu, a nan ne ake so su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Tun a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a riƙa koyar da ɗaliban fannoni daban-daban tare, su koya daga juna, su san aikin juna. A 2011 ƙungiyoyin makarantun lafiya na Amurka suka tsara ginshiƙai 4 na irin wannan koyarwa: mutunta juna, sanin iyakar aikin kowa, iya isar da bayani, da aiki cikin ƙungiya.

A ganina isar da bayani ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Sau da yawa an kawo mini mai jego tana zubar da jini daga ƙaramin asibitin ƙauye, takardar da ta zo da ita ba ta faɗi lokacin da jinin ya fara ba, babu awon jininta, ba a kuma rubuta ko an yi mata allurar oksitosin mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa ba, sai mu shiga tambayar uwar miji alhali kowane minti yana da tsada. Wanda ya rubuta takardar ba mugu ba ne, ba a taɓa nuna masa abin da mai karɓa yake buƙata ba.

Akwai kuma kunya. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abar alfahari ce, amma dole a koya wa yarinya sabuwar ɗauka yadda za ta ce, "Dokta, a sake duba awon maganin yaron nan," a kuma koya wa likitan ya saurara.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da shugabannin makarantu su haɗa ɗaliban likitanci, jinya, ungozomanci, gwajin jini da haɗa magani a zagayen duba majinyata lokacin koyon aiki, su miƙa wa juna aikin dare baki da baki, a kuma sa wannan cikin jarrabawar fita.

Wassalam.

Wata ungozoma mai ritaya,
Tawa