Windows 11: ana gardamar maɓalli, ba a tambayi ko injinmu zai ɗauka ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan labarin da kuka buga game da sabuwar manhajar kamfanin Microsoft, wato Windows 11, wadda aka ce za ta fito ranar 5 ga Oktoban bana, 2021. Labarin ya yi daɗin karatu, sai dai kusan dukkansa a kan kwalliya ya ƙare: an kawo maɓallin farawa tsakiya, an zagaye kusurwoyin taga, an sake ƙarar da inji ke yi in ya tashi. Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce da buga takardu a nan Maradi, kuma abin da ya fi damuna bai ko leƙo cikin labarin ba.

Tun da aka nuna manhajar ranar 24 ga Yuni masu zama a bencin shagona suka rabu gida biyu. Wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ɗora samfurin gwaji a injinsa ya kawo mana, kowa ya taɓa. Samari dai sun yaba, wai ta yi kama da babbar waya. Wani mushe da ke shigar da makin ɗalibai ya ji daɗin sabon tsarin jera tagogi, domin da ka ɗora linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga sai ta nuna maka yadda za ka raba allon gida biyu ko uku ko huɗu, takardar suna a hagu, teburin lissafi a dama. Wannan kam ni ma na yaba.

Wanda ya fi kowa fushi shi ne dattijon da ke yi mini aikin buga rubutu, tsohon sakatare ne da ya fara da tafireta tun ina makarantar firamare. Ya danna gefen dama na linzami yana neman inda aka rubuta a kwafa da a liƙa, sai ya tarar an mai da su ƴan ƙananan hotuna a jere, sauran abubuwan da ya saba da su kuma an tura su can ciki, sai ka ƙara wani danni kafin su fito. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Maigida, wanda ya tsara wannan bai taɓa buga memwar ɗin ɗalibi mai shafi tamanin ana jiransa a bakin ƙofa ba." Na ce, "Baba, ai za ka saba." Ya ce shi ba ya ƙin sabo, amma danni ɗaya da aka ƙara masa, in an tara na yini guda, shafuka ne. Da gaskiyarsa. Haka kuma layin nan na ƙasan allo: a Windows 10 kana iya kai shi sama ko gefe, a samfurin 2021 kuwa an kafe shi a ƙasa, kuma ba a iya jawo fayil a ajiye a kan alamar manhajar da ke cikinsa. Su samarin murnarsu mafi girma ita ce alƙawarin cewa manhajojin Android za su yi aiki a kwamfuta ta hanyar kantin Amazon. Ranar 31 ga Agusta kamfanin ya ce wannan ba zai zo tare da fitowar farko ba, sai jikinsu ya yi sanyi. Batun Teams, manhajar hira ta Microsoft, da aka manna a layin ƙasa kuwa ba wanda ya ko tanka, mu nan WhatsApp muka sani.

Irin wannan ƙorafi ba ya tayar mini da hankali. A 2012 Windows 8 ta cire maɓallin farawa ɗungurungum, duniya ta yi ca, shekara na zagayowa aka dawo da shi a Windows 8.1. Kamfani yana jin kukan masu sayen sabon inji, kuma wannan karon ma wanda bai son maɓallin a tsakiya yana iya mai da shi hagu daga cikin saituna. Ana ta kai wa yake ta kaya.

Ga inda gizo ke saƙa. Windows 11 ta zo da sharuɗɗa. Tana son ram giga 4, wurin ajiya giga 64, da inji mai tsarin bit 64 kaɗai. Waɗannan da sauƙi. Masu wuyar biyu ne. Na farko TPM 2.0, wani ɗan sashe ne a cikin inji da ke riƙe makullan sirri don kada ɓarawo ko ƙwayar cuta su kai gare su. Na biyu shekarun furosesa, wato ƙwaƙwalwar inji: in na Intel ne sai zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2017, in na AMD ne sai Ryzen 2000 zuwa sama. Da aka yi ta surutu kamfanin ya ce zai sake dubawa, ya ma janye manhajar PC Health Check da ake gwada inji da ita domin tana ce wa mutane injinsu bai cancanta ba ba tare da ta faɗi dalili ba. A ƙarshen Agusta ya dawo da amsa: an ƙara ƴan tsirarun furosesa na zubi na 7, irin masu tsadar nan da ban taɓa gani a kan teburina ba, sauran kuwa an bar su a waje.

To Malam Edita, waɗanne injuna ne a hannunmu? Ka zaga babbar kasuwar Maradi, ko ka tsallaka ka je titin Beirut a Kano inda da yawa daga ƴan kasuwarmu ke saro kaya. Abin da za ka gani Dell Latitude E6430 ne, da ThinkPad T440, da HP EliteBook 840 daga G1 zuwa G3, wato zubi na 3 zuwa na 6. Injuna ne masu ƙwari da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora suka sallamo, suna jure zafinmu da ƙurar hunturu da ɗaukewar kuran. Ko ɗaya a cikinsu bai cika sharaɗin ba. EliteBook 840 sai daga G5 take shiga, kuma kuɗinta ba na kowa ba ne. Galibin masu gardamar ko maɓalli ya fi kyau a tsakiya ko a hagu a bencina, injinsu ba zai taɓa nuna musu shi ta halastacciyar hanya ba.

Ba na cewa kamfanin ba shi da hujja. Masu kulle wa mutane fayil su nemi kuɗin fansa sun yi yawa, kuma mai bin labarai bai manta da ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ba, wadda a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Amma cutar da ke kawo mini injuna kullum ba ta nan take shigowa ba. Ta kile take shigowa, ɗan ma'ajin fayil ɗin nan da ake soka wa inji, wanda ya bi shagon fotokofi uku da ofis biyu kafin azahar, ya dawo duk fayilolin sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Tana samun wurin zama ne domin injin ya shekara bai ga sabuntawa ba, mai shi ya kashe ta da gangan saboda tana cinye masa mega. Har gobe akwai ofisoshi da makarantu masu aiki da Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Shi ya sa a duk abubuwan da aka lissafa ranar 24 ga Yuni, wanda ya fi amfanar mu shi ne wanda ba wanda ya kula da shi: kamfanin ya ce fayilolin sabuntawa za su ragu da kashi 40 cikin 100, kuma babbar sabuntawa sau ɗaya za ta riƙa zuwa a shekara maimakon sau biyu. In hakan ya tabbata, ga mai sayen intanet na jika ɗaya yana lallaɓawa, ya fi duk wata kwalliya. Abin takaicin shi ne masu tsofaffin injuna, waɗanda suka fi kowa bukatar wannan sauƙi, su ne ba a yi wa wannan alƙawari ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafe ni kai tsaye. Samfurin gida, wanda ake kira Home, ba zai kammala tashin farko ba sai an haɗa shi da intanet an shiga da asusun Microsoft. Mutum zai taso daga Dakwaro ko Mayahi ko wani ƙauyen Madarumfa, ya sayi inji don ɗansa ko don lissafin ƙungiyar manoma, bai da adireshin imel, bai ma san yana bukatarsa ba. Wa zai buɗe masa? Mai gyara. Da lambar wa? Sau da yawa da lambar mai gyaran, domin a gama da wuri mota na jira a tasha. Ke nan kalmar sirrin mutane da hotunan iyalinsu da takardunsu suna rataye a wayar wani yaron shago wanda baɗi wataƙila ya koma Agadas ko ya sake layi. Wannan amana ce da ba mu roƙa ba, kuma ba kowa ne zai riƙe ta ba. Ina roƙon abokan sana'ata, in ya zama dole a buɗe asusun, a buɗe da lambar mai injin, a rubuta masa kalmar sirrinsa a takarda ya tafi da abarsa.

Yaran shago sun riga sun fara cika baki cewa sun san dabarar da za a tsallake binciken TPM a ɗora manhajar a kowane inji. Ana iyawa, na gani da idona. Sai dai kamfanin ya ce injin da aka ɗora wa ta haka ba a yi masa alƙawarin samun sabuntawa ba, har da ta tsaro. Wanda ya yi wa nasa don sha'awa, ruwansa. Wanda ya ɗora wa injin zubi na 4 ya kai kasuwa yana cewa "Alhaji, sabon shiga ne, duba ma Windows 11 ce a kai" don ya ƙara jika talatin, wannan algus ne, kuma ina jin tsoron za mu gan shi da yawa.

Domin ga abin da ke tafe. Za a daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Kafin ranar, kamfanoni da ma'aikatun ƙasashen waje za su yi ta fitar da injunan da ba su cika sharaɗi ba, su cika kwantena, su sauka Kwatano da Legas, su iso mana da araha. Ba na ƙin zuwansu, da su muke ci. Yanzu kaka ta kawo jiki, makarantu na shirin komawa, iyaye za su sayar da gero da wake su saya wa ɗalibai kwamfuta. Ɗalibin da zai fara lisans, wato digirin farko, bana 2021 shekara uku ke gabansa, injin zubi na 6 mai Windows 10 zai kai shi har ya gama, in Allah ya yarda. Ya saya, amma ya saya da kuɗin abin da ya san kwanansa, kada a caje shi kuɗin mai dogon zango. Ganewa kuma ba wuya. A duba lambar furosesa: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U zubi na 8, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida, sai dai daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa. Kada a ruɗu da jin "i7", domin i7 na 2013 ya girmi i3 na 2019 nesa ba kusa ba. Don TPM kuwa, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta tpm.msc, zai nuna ko akwai da kuma ko 2.0 ne. In ya ce babu, kada a yi saurin yanke ƙauna ko a biya wani kuɗin ƙarin kaya: a injuna da yawa yana nan a kashe ne cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga tun inji na tashi, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD, kunna shi kawai za a yi.

Waɗanda injinsu ba zai wuce 2025 ba, ba shara ya zama ba. Ubuntu da Linux Mint, manhajojin da ke maye gurbin Windows, kyauta ne, suna tafiya lafiya a kan waɗannan injuna, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, abin da Baba sakatare ba zai yafe ba. Ya kamata cibiyoyin koyar da kwamfuta na garin nan su fara nuna wa yara su tun yanzu, shekara huɗu ba ta da yawa ga mai sauya hannu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan za ku sake rubutu kan wannan manhaja bayan ta fito, ku tura wakilinku kasuwar ƴan kwamfuta, a Kano ko Katsina ko nan Maradi ko Damagaram, ya ƙirga a shago guda nawa ne cikin injunan da ke kan kanta suka cika sharaɗin, ya tambayi farashin mai zubi na 6 da na mai zubi na 8, ku buga mana su gefe da gefe kafin iyaye su fara sayayya.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Unguwar Zariya, Maradi, Jamhuriyar Nijar