Mai neman gurbin likitanci: a sake zama JAMB ko a sauya hanya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da iyaye kan wani abu da ke cin shekarun 'ya'yanmu. Yaro ya ɗaura aniyar sai ya zama likita, ya zauna JAMB sau biyu, sau uku, har sau huɗu, kullum ana ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ban ƙi ba, amma kafin a ƙara iza wuta ya kamata a buɗe tukunyar a duba.

Abin dubawar yana nan a takardar sakamako. Maki 400 ne, darussa huɗu, kowanne 100: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A yawancin gidaje tambaya ɗaya ake yi, "Nawa ka ci?" Daga nan kuskure yake farawa. A shimfiɗa takardar bara kusa da ta bana, a bi su darasi bayan darasi. Yaron da ya ci 68 a Bayoloji, 65 a Kemistiri, 60 a Turanci, sannan 38 a Fiziks, ciwonsa guda ne, kuma yana jin magani. Tambayoyi 40 ake yi a Fiziks, a ƙiyasi kowace tana ɗauke da maki biyu da rabi, don haka in ya ƙara cin 12 kacal ya haura da maki 30. Wannan a samo masa ƙwararren malamin Fiziks tun yanzu, ya sake zama. Shi kuwa wanda makinsa ya kwanta tsakanin 40 da 50 a duka huɗun, bara 185 bana 190, ba rashin sa'a ke damunsa ba. Tushe ne babu tun daga ajin farko na babbar sakandare, kuma darasin wata uku da ake yi gab da jarrabawa ba ya gina tushe.

Akwai kuma wanda ya san karatun, agogo ne ke kayar da shi. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Gane wannan ba wuya. A zaunar da shi gaban kwamfuta da tsofaffin tambayoyin da bai taɓa gani ba, a sa agogo, a maimaita sau uku a makonni daban-daban. In ya kasa gamawa amma abin da ya amsa daidai ne, horo yake buƙata. In ya gama da wuri kuma maki bai motsa ba, to canke yake yi.

Sai iyaye su san cewa makin da jami'a ke shelantawa na neman shiga jarrabawar tantancewa ne kawai, ba shi ne makin samun gurbi ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, saboda haka ko mutum dubu suka cancanta, kujerun ba sa ƙaruwa. A jami'o'in tarayya ana raba su ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Yaro da dama ya yi asarar shekara don ya zaɓi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta. Wani kuma ya ci maki mai kyau, sai a gano kiredit ɗinsa biyar na jarrabawar kammala sakandare ba a zama ɗaya ya same su ba, alhali jami'o'i da yawa suna sharɗanta hakan ga likitanci. Waɗannan biyun gyaran takarda suke buƙata, bai kamata su haƙura ba. A sakamakon farko da aka fitar na jarrabawar JAMB ta 2025, cikin kusan miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, don haka wanda ya ci 250 bai kamata a riƙa yi masa kallon daƙiƙi a gida ba.

A yi lissafin shekaru kuma. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Karatun likita shekara shida ne, sai shekarar gwajin aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, in ba a gamu da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ci wata takwas ba. Wanda ya kammala digiri ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa. Ga 'ya mace ma lissafin ya fi tsanani, domin maganar aure ba ta jiran JAMB.

Tarkuna biyu ne na fi jiye wa mutane. Na farko, a ce wa yaro ya karɓi wani kwas ɗin kimiyya, in ya kai aji biyu zai koma likitanci. Ƙalilan ne ke dacewa, saboda kujerun nan dai ƙididdigaggu ne. Wanda zai karɓi kwas, ya karɓi wanda zai iya zama da shi har ƙarshe. Na biyu, a sayar da gona a tura shi waje ba tare da an bincika ko Najeriya ta amince da makarantar ba. Ko an amince da ita, sai ya ci jarrabawar MDCN in ya dawo kafin a ba shi lasisi.

A ganina zama biyu ya isa a gane inda aka dosa. Na uku sai da hujja: maki ya ƙaru da aƙalla 30 tsakanin zaman farko da na biyu, an san darasin da ke jan sa baya, kuma an sauya yadda yake karatu. In babu waɗannan, a buɗe masa wata ƙofar. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye in ya yi fice. Akwai aikin jinya da ungozoma, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton marasa lafiya, gashin ƙashi, da kwalejojin kiwon lafiya irin ta Maƙarfi. Asibitocin karkararmu suna kukan rashin waɗannan ma'aikata kamar yadda suke kukan rashin likita.

Kafin a sake sayen fom, a sa wani kawu ko gwaggo da yaron ke sakewa da su ya keɓe da shi, ba a gaban mahaifinsa ba, ya tambaye shi ko shi ne ke son likitancin, ko kuwa kunyar faɗa wa Baba yake ji.

Wassalam.

Daga wani malamin sakandare, Zariya.