Wasiƙa a kan uwa da ƙofar da ta kulle

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta, ya sanyin can? Saƙonka ya iso, har da gorin da ka yi mini cewa finafinan uwa mai kare ɗanta duk kanwar ja ce: a sace yaro, uwa ta yi kuka, ta bi sawu, ta kwato shi. Wallahi rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ban yarda ba.

Ka tuna Panic Room na 2002, wanda Jodie Foster ta fito a ciki? Ɓarayi uku sun shigo gida a New York, ita da 'yarta suka kulle kansu a ɗakin ƙarfe. Ashe abin da ɓarayin ke nema yana cikin ɗakin nan. Yarinyar kuma tana da ciwon sukari, allurarta tana waje. Uwa ta ga leɓen 'yarta ya fara bushewa, jikinta na karkarwa, dole ita da kanta ta buɗe ƙofar da ta kulle. Wannan wurin ya kama ni. Amma ka lura, ɓarayin baƙi ne, babu wanda ya ci amanarta a cikinsu. Shi ya sa da fim ya ƙare na yi barcina lafiya lau.

Wanda ya hana ni barci shi ne Mother, na Koriya ta Kudu, wanda Bong Joon-ho ya shirya a 2009. Tsohuwa ce mai sayar da ganyayyakin magani, tana kuma yi wa mutane allurar tsire a ɓoye, wato sossoka siraran allurai a jiki don magani. An kama ɗanta mai raunin ƙwaƙwalwa da zargin kashe 'yar makaranta. Ta shiga gari lungu-lungu tana bincike, mu kuma muna bayanta ɗari bisa ɗari, don uwa ai ba ta ƙarya a kan ɗanta. Sai ta tarar da wani dattijo mai tara bola wanda ya ga komai da idonsa, ya ce mata yaron nata ne ya yi. Nan take ta kashe shi, ta cinna wa gidansa wuta. Aka ɗora laifin a kan wani yaro nakasasshe. Ta je gidan yari ta dube shi, ta tambaye shi ko yana da uwa. Ba shi da ita. Ta fashe da kuka, amma ba ta faɗi gaskiya ba.

To ka faɗa mini, wa ya ci amanar wa? Ni dai amanata aka ci, don ni na ba ta goyon baya tun farko. Kuma kada ka manta, a tsakiyar fim yaron ya tuna cewa yana ɗan shekara 5 ta taɓa ba shi guba, da niyyar su mutu tare saboda ƙuncin rayuwa. Wadda ke tsaronsa ita ce ta fara neman ransa.

Na san za ka kawo mini Mom na Sridevi, na 2017, inda matar uba ce ke ɗaukar fansar 'yar da ko mama ba ta kiran ta. Ya yi kyau, Sridevi ta yi wasa, sai dai an wanke ta tas, an bar mu muna tafi. Wancan na Koriya bai wanke kowa ba. A ƙarshensa tsohuwar tana cikin mota, ta soka wa cinyarta allurar da ta ce tana gusar da baƙin tunani, ta tashi ta shiga rawa da sauran fasinjoji.

Ka nemo shi ka kalla, amma ba da yara a kusa ba, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kanwar ja ce. Ka gaida madam da ƙananan.

Naka har kullum.