Barka da Sallah daga New York

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina nan lafiya lau.

Mun yi idi da safe a nan Bronx. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma wajen aiki suka wuce. Na koma ɗaki na yi tagumi, sai abokin zamana ya ce in tashi mu fita kafin kewa ta kwantar da ni. Ya ja mu a mota sama da awa guda zuwa wani wuri a tsibirin Long Island, ana ce masa Caumsett.

Baba, duk wurin nan na mutum ɗaya ne a da. Wani attajiri, Marshall Field na Uku, ya sayi filin a 1921, eka 1,750, ya gina katafaren gida mai kallon teku, ga garken shanun madara, ga bargar dawakin folo. A 1961 gwamnatin jiha ta saye shi, yanzu kowa na iya shiga ya sha iska. Mun taka har bakin ruwa, ana hango jihar Connecticut a ƙetare. An ja igiya an kewaye wani yanki saboda wasu 'yan tsuntsaye masu yin ƙwai a kan yashi, ba mai matsawa kusa. Wallahi abin ya burge ni.

Dawakin ne suka karya mini zuciya. Ƙosassu, masu sheƙi, amma ba ado, ba algaita, ba mai kirari. Na tuna gobe hawan Daushe.

Inna, layyar nan kuwa kuɗi na biya a mahauta, ban ko ga ragon ba, jibi za a miƙo mini nama a leda. Ina zaune kan dutse iska na kaɗawa, hancina sai neman ƙamshin suyarki yake. Na san yanzu an ɗora babban kaskon nan a tsakar gida, kayan ciki sun fara ƙauri, kina korar yara da ludayi, hayaƙi ya sa idonki ja. Hantar farko da kike ɓoye mini a ƙaramin kwano, wa ya ci ta bana? Ki ajiye mini soyayye ko kaɗan ne, wanda ya sha yaji ya bushe ƙayau, in an samu mai tahowa.

A gaishe da Baffa da Kawu da iyalansu, da Yaya da mai gidanta. Gwaggo kuma a gaishe ta sosai da sosai, a tambaye ta ƙafar, a ce mata man zafin yana hanya, kuma kullum ina tuna addu'ar da ta yi mini a zaure ranar tafiyata. Auta, goron sallarka na wajen Yaya, kada ka kashe shi duka a kan balan-balan. Maƙwabta duka ina gaisuwa.

Ku sa ni a addu'a.

Ɗanku