Waɗanda suka amsa muku a Facebook ba su ne mutanen Filato ba

Assalamu alaikum, Edita.

Ranka ya daɗe, shirinku na rediyo na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce wai bincike ya nuna yawancin mutanen Filato sun rabu da tsabar kuɗi, sun koma tiransifa da POS. Da wani mai kira ya tambaye shi wane bincike, sai ya ce ai tambaya kuka saka a shafinku na Facebook, dubban mutane suka amsa. Ya yi ta nanata dubban nan, kamar yawan shi ne hujja.

To, su wa suka amsa? Mai babbar waya, mai kuɗin data, wanda ya iya karatu, kuma yake da lokacin zama ya latsa. Ai mai waɗannan dama shi ne mai tiransifa. Tsohuwar da ke kawo kabeji da karas kasuwar Farin Gada tun da asuba ba ta ga tambayarku ba. Bafulatana mai tallar nono ba ta gani ba, haka manomin Bokkos da makiyayin Wase. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 17, wadda ƙidayar 2006 ta ce mutanenta sun haura miliyan 3, ita kuka yanke wa hukunci da bakin 'yan shafinku.

Duk wanda ya taɓa sayen dankalin Turawa ya san manya ake jerawa a bakin buhu. Ko buhu ɗari ka kwance ka leƙa samansu, manya za ka gani, ka tafi da tabbacin ƙarya. Shi ya sa mai saye da wayo yake zura hannu har ƙasa, ko ya ce a zazzage. Ƙara yawan masu amsa yana rage kuskuren da ke zuwa bisa tsautsayi, amma idan hanyar zaɓensu ta karkata tun farko, yawan ba ya miƙar da ita.

An sha wannan kunya a Amurka a zaɓen shugaban ƙasa na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce ɗan takara Landon zai kayar da shugaba mai ci, Roosevelt. Sunayen kuwa ta kwaso su ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci, a lokacin da talaka ke fama da abin da zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup, da ya tambayi mutane kimanin 50,000 kawai, shi ya faɗi wanda zai ci.

Ni malamin lissafi ne, kuma ina cikin malaman da suka yi aikin ƙidaya a watan Maris na 2006. Mu da muka bi gida gida da ƙafa, ga fom a hannu, mun ga yadda gaskiya ke zillewa. Ka yi sallama, maigida ya fito ƙofa ya amsa a madadin kowa, matan ciki ba ka ji ta bakinsu ba. Wani ya ɗauka haraji ne ya kawo ka, sai ya rage. Wani ya ɗauka tallafi za a raba, sai ya ƙara. Shekaru kuwa, ka tambayi dattijo ya ce sittin, matarsa arba'in, ƙanensa hamsin, kamar ba a haihuwar kowa sai a kan sifili ko biyar. Sai ka zauna a kan tabarma ka lallaɓa shi: Baba, lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 ka yi aure? Da aka canja fam zuwa naira a 1973 fa, 'ya'yanka nawa? Da haka kake kusantar gaskiya. Masana ma suna da awon wannan karkata, wanda ake kira ma'aunin Whipple: a duba masu shekara 23 zuwa 62, a ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da sifili ko biyar. In babu karkata, kusan ɗaya cikin biyar ne. In sun zarce haka, an san akwai gyara. Duk wannan wahala ake sha a kan tambaya ɗaya, ku kuma kun saka tambaya da safe, da dare kun kira ta bincike.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 gidaje kusan 42,000 kacal ya zaɓa a duk Najeriya, amma da ƙuri'a aka fitar da yankunan, birni da ƙauye, aka jera gidajen kowane yanki, aka sake zaɓa. Gidan da ba a samu kowa ba sai a sake komawa, mata kuma mata ne ke shiga su tambaye su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun ga inda irin wannan tunani ya kai mu. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an ɗauka kowa na da asusu da waya. Da idona na ga mata sun wuni da tumatir yana ruɓewa a gabansu, masu saye na cewa sai dai tiransifa, su kuwa ko asusun ba su da shi. Yanzu gidan rediyon da suke kunnawa a ƙaramar rediyonsu yana gaya wa masu mulki cewa matsalar ta wuce.

 

Ina roƙon mai gabatarwa ya dawo ranar Talata ya faɗa da bakinsa cewa ra'ayin masu bin shafinku ne ya karanta. Nan gaba in za ku kawo alƙaluma, ku gaya mana wa aka tambaya, a ina, ta wace hanya, kuma mutum nawa suka ƙi amsawa. In kuna son sanin gaskiyar maganar tsabar kuɗi, ku tura wakili da wakiliya kasuwar Mangu ranar Juma'a.

Naku mai sauraro,
Wani malamin lissafi,
Unguwar Rogo, Jos.