Wasiƙa Kan Tsirkiyoyi Uku a Cikin Da'ira

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin cika alkawarin da na yi maka na aiko da tambayar da za ka gwada ɗalibanka da ita. Na zaɓo ta tara daga gasar lissafi ta AIME da aka yi a Amurka a 1985, gasar da ake ba yara tambayoyi 15 cikin awa uku, kuma kowace amsa cikakkiyar lamba ce daga 0 zuwa 999.

Ga yadda take. A cikin wata da'ira akwai tsirkiyoyi uku, wato layukan da kowannensu ya haɗa wurare biyu a bakin da'irar, suna kwance a jere ba sa haɗuwa, tsawonsu 2 da 3 da 4. Kusurwoyin da suka buɗe a cibiyar da'irar su ne a, da b, da a + b bi da bi, kuma a + b ba ta kai digiri 180 ba. Ana so a nemo kosain ɗin kusurwar a (kosain da sain ma'aunai ne na kusurwa a lissafin alwatika), a rubuta shi da lambar sama da ta ƙasa, a rage shi iyakar ragewa, sannan a tara lambar sama da ta ƙasa.

Abin da ya sa nake ƙaunar tambayar shi ne zancen kwanciyarsu a jere tarko ne kawai. Na ga yara masu ƙoƙari sun zana layukan uku da kyau, suka duƙufa wajen neman tazarar da ke tsakaninsu, har takarda ta cika ba su je ko'ina ba. Alhali tsawon tsirkiya bai dogara da inda aka ajiye ta ba. Ya dogara ne da girman da'irar da kuma kusurwar da ta buɗe a cibiya, domin shi ne faɗin da'irar sau sain ɗin rabin kusurwar. Wannan dangantaka tsohuwa ce, don kuwa tun a ƙarni na 2 masanin taurari Batlamiyus ya tsara jadawalin tsirkiyoyi a Iskandariya, inda ya ɗauki faɗin da'ira a matsayin 120, yana hawa da rabin digiri rabin digiri.

Tunda haka ne, muna da ikon juya su yadda muka ga dama. Ka ɗauki mai tsawon 2 ka kafa ta daga A zuwa B, ka ɗora mai tsawon 3 daga B zuwa C. Bakan da ya tashi daga A zuwa C ya zama a + b ke nan, saboda haka layin AC dole tsawonsa ya zama 4, sai ga alwatika mai gefuna 2, 3 da 4 zaune cikin da'irar. Kusurwar da ke C tana kallon bakan AB daga bakin da'ira, kuma irin wannan kusurwa rabin ta cibiya ce, don haka ita rabin kusurwar a ce. Daga nan sai dokar kosain, mai fitar da kosain ɗin kusurwa daga tsawon gefunan alwatika, wadda a Faransa ake jingina ta ga al-Kashi, masanin da ya yi aiki a Samarkand ya rasu a 1429: a tara 9 da 16, a ɗebe 4, a raba da 24, a sami 21/24, wato 7/8, wanda shi ne kosain ɗin rabin a. Kosain ɗin a kuwa shi ne 2 sau 49/64 (wato 7/8 sau 7/8) a ɗebe 1, wanda ya ba da 17/32; a tara 17 da 32, amsa ta zama 49.

Akwai wata hanyar ga wanda bai hango alwatikar ba. Idan x da y su ne kosain ɗin rabin a da rabin b, ƙa'idar sain ɗin jimillar kusurwa biyu za ta ba shi 3x + 2y = 4, kuma da ya haɗa wannan da 9(1 − x²) = 4(1 − y²) zai ga x² ta ɓace da kanta, ya koma kan 7/8 ɗin nan. Hanya ce ingantacciya, amma a ganina kada ka nuna musu ita da farko. Ka bar su su yanka tsinken tsintsiya gida uku daidai da tsawon nan, su zana da'ira mai rabin faɗi ɗan sama da 2, su yi ta zagayawa da tsinkayen a bakinta har alwatikar ta rufe a hannunsu.

Ka sanar da ni ta wace hanya mafi yawansu suka bi. Ka gaishe mini da uwargida da yara, Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Kabiru